Kwaɗon Tafkin Oku: Siffarsa, Mazauninsa da Makomarsa

 

Hausawa sun ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wannan magana ta dace da kwaɗin da muka saba gani a kududdufai da fadamun ƙasarmu. Amma akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo wanda nasa rabon ya hau sama, har ya zarce mita 2,200 daga doron teku, ya tsaya a cikin tafki ɗaya tak a kan wani dutse na ƙasar Kamaru. In aka ɗebe 'yan kaɗan da ake kiwo a gidajen ajiye namun daji, duk faɗin duniya ba a samunsa sai a wannan tafki. A kansa za mu yi magana yau.

Mai yiwuwa wani ya ce, ana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, wa ya aike mu ga kwaɗo? Tambaya ce mai ma'ana, kuma za mu amsa ta kafin mu zauna. Maƙasudinmu shi ne mu nuna cewa siffar wannan halitta da mazauninta ba su rabuwa, don haka duk wanda ya taɓa tafkin ya taɓa irin baki ɗaya. Sa'an nan mu nuna cewa hannun da ya fi kusa da yin wannan ɓarna shi ne hannun ma'aikaci mai kyakkyawar niyya, irin wanda da yawa daga cikinmu za su zama nan da 'yan shekaru kaɗan.

INDA TAFKIN YAKE

Kafin mu kai ga kwaɗon, ya kamata mu san gidansa. Akwai wani dogon jerin duwatsu da aman wuta ya haifar, wanda ya taso tun daga cikin Tekun Atalantika, daga tsibiran Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya miƙe arewa maso gabas ta tsaunukan Bamenda, ya bi kan iyakar Nijeriya da Kamaru, har reshensa ya kai tudun Biu a Jihar Borno. A tsakiyar tsaunukan Bamenda, a Lardin Arewa maso Yamma na Kamaru, ba nisa da garin Kumbo, akwai Dutsen Oku, wanda kuma ake kira Kilum. Tsawonsa mita 3,011 ne. A cikin duwatsun wannan jeri da ke kan tudu, babu wanda ya fi shi sai Dutsen Kamaru kansa, wanda ya zarce mita 4,000.

A kafaɗar wannan dutse Tafkin Oku yake, a bisa tsawon mita 2,219. Don a gane abin da wannan adadi yake nufi, mu tuna cewa garin Jos, wanda muke yi wa kirari da sanyi, yana kan kimanin mita 1,200 ne. Watau sai an ɗora kusan wani tsawon Jos a kan Jos kafin a kai bakin wannan tafki. Masana sun auna cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6. Saboda haka wurin yana da sanyi rani da damina, ga hazo da yakan lulluɓe shi, ga ruwan sama da ya wuce milimita 2,000 a shekara.

Asalin tafkin wani babban rami ne da aman wuta ya bari tun zamanin da, ruwa ya taru ya cika shi. Faɗinsa kimanin hekta 243 ne, watau bai cika murabba'in kilomita 2 da rabi ba, zurfinsa kuwa ya kai mita 52. Irin waɗannan tafkuna suna da yawa a yankin. Wanda duniya ta fi sani shi ne Tafkin Niyos, wanda a daren 21 ga Agusta, 1986, ya fesar da iska mai shaƙewa ta halaka mutum 1,746 da dubban dabbobi. Tafkin Oku ɗan'uwan wancan ne ta wajen asali, amma shi sunansa ya fito ne saboda abin da yake raye a cikinsa.

Gefen tafkin gangare ne mai tsauri, kuma kurmi ne ya zagaye shi. Wannan kurmi yanki ne na dajin Kilum-Ijim, mai faɗin kimanin hekta 20,000, wanda shi ne mafi girman abin da ya saura na dazuzzukan kan tsauni a wannan sashe na Afirka. Abu na ƙarshe da ya kamata a riƙe game da tafkin, wanda kuma ya fi sauran muhimmanci, shi ne babu kifi a cikinsa. Ya yi nisa a sama, babu hanyar da kifi zai biyo ya hau. Za mu komo kan wannan batu, domin a kansa dukan maganarmu ta rataya.

SIFFAR KWAƊON

A shekarar 1991 ne wasu masana biyu na Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan, Catherine Loumont da Hans Rudolf Kobel, suka bayyana wannan kwaɗo a rubuce, suka raɗa masa sunan kimiyya Xenopus longipes. Kalmar farko daga harshen Girka take, ma'anarta baƙuwar ƙafa. Ta biyu kuwa daga Latin, ma'anarta doguwar ƙafa. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da sai ya ce Dogon Sawu.

Ɗan ƙarami ne ƙwarai. Namijin yakan kai milimita 28 zuwa 31 daga hanci zuwa gindi, tamatar kuwa milimita 32 zuwa 36. Ke nan babba daga cikinsu bai kai tsinken ashana ba. In aka ajiye shi kusa da burduddugin da muka sani, sai a ce jikansa ne. Bayansa ruwan ƙasa ne mai kama da launin zuma, da ɗige-ɗige da dabbare-dabbare masu duhu. Cikinsa kuwa ruwan goro ne mai haske, baƙaƙen ɗige-ɗige sun yayyafe shi. Jikinsa a shafe yake, kamar an danne shi da tafin hannu. Kansa ƙarami ne, idanunsa manya ne in aka gwada da girman jikinsa, kuma suna bisa kai suna duban sama.

Ƙafafunsa na baya su ne abin kallo. Sirara ne, amma tafinsu dogo ne mai faɗi, da fata da ta haɗe yatsun kamar ta agwagwa. A kan yatsu uku na ciki akwai baƙaƙen farata, waɗanda yake yayyaga abinci da su. Hannuwansa na gaba ƙanana ne, yatsunsu a ware suke babu fata a tsakani.

Akwai kuma abubuwan da ya rasa waɗanda muka saba gani ga kwaɗi. Na farko, ba shi da harshe. Kwaɗon gida yakan harbo harshe ya cafke ƙwaro, amma shi wannan sai dai ya zuƙo abinci tare da ruwa, ya tura shi baki da yatsun hannu. Na biyu, ba shi da jakar maƙogwaro da kwaɗi suke kumburawa in za su yi kuka. Danginsa duka a ƙarƙashin ruwa suke kiran juna, da wata 'yar ƙara mai kama da ƙyas-ƙyas, wadda mai tsayuwa a gaɓa da wuya ya ji. A maimakon waɗannan, yana da wasu layuka a gefen jikinsa masu kama da ɗinkin allura. Da su yake jin motsin ruwa, har ya gane inda ƙwaro ya faɗo ko da a cikin duhu ne.

Idan muka haɗa waɗannan siffofi wuri ɗaya, za mu ga duk magana ɗaya suke faɗa. Shafaffen jiki da faffaɗan sawu na iyo ne. Ido a bisa kai na mai kwanciya cikin ruwa ne yana tsaron abin da zai faɗo daga sama. Rashin harshe da layukan ɗinki na mai farauta ne a cikin ruwa. Yana da huhu, yakan taso ya shaƙi iska ya koma, amma a ruwa ake haihuwarsa, a ruwa yake ci, a ruwa yake mutuwa. In aka fitar da shi tudu, fatarsa ta bushe, ya gama yawo. Ba shi da halin ya tattara komatsansa ya gangara dutse ya nemi wani tafkin.

GADON DA IDO BA YA GANI

Bayan siffar da ido yake gani, akwai wata a ɓoye wadda ta sa masana suka damu da wannan kwaɗo. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mai rai akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, waɗanda su ne ma'ajin gado, su suke ɗauke da umurnin yadda jiki zai ginu. Ɗan Adam yana da guda 46, watau ƙunshi biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. Haka yawancin dabbobi suke, ƙunshi biyu. To, shi kwaɗon Oku ƙunshi 12 gare shi, kowane ƙunshi da zare 9, jimla 108. A cikin dabbobi masu ƙashin baya, irin wannan abu ne da ba safai ake gani ba, sai ga wasu 'yan danginsa na kusa, kamar wanda ake samu a wajen duwatsun Ruwenzori na ƙasar Yuganda.

Yadda hakan ta faru shi ne, a can baya iri biyu daban na waɗannan kwaɗi suka yi barbara, 'ya'yan suka riƙe gadon iyayen duka biyu bai ragu ba, adadin ya ninka. Abin ya sake faruwa fiye da sau ɗaya, har aka kai 12. Ke nan wannan ɗan tsurut yana ɗauke da tarihin kakanni iri-iri a cikin jikinsa. Duk mai son sanin yadda sabon iri yake ɓullowa a cikin halittu, da abin da jiki yake yi da rarar gado, yana da abin karatu a nan.

Kada kuma a ɗauka wannan dangi baƙo ne ga amfanin ɗan Adam. Babban ɗan'uwansa na kudancin Afirka, Xenopus laevis, mai zare 36, ya daɗe yana yi wa likitoci aiki. Tun daga shekarun 1930 har zuwa na 1960, da shi ake gwajin juna biyu: a yi wa tamatar allurar fitsarin mace, in matar tana da ciki sai kwaɗuwar ta saka ƙwai kafin kwana ɗaya. Da shi kuma masanin nan na Ingila, John Gurdon, ya nuna a 1962 cewa ƙwayar halitta guda daga hanjin ɗan kwaɗo tana ɗauke da cikakken umurnin gina sabon kwaɗo, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2012. Wani daga cikin dangin yana nan a kududdufan arewacin Nijeriya, yara suna kama shi ba tare da sanin darajar gidansu ba.

YADDA TAFKI YA RENI KWAƊO

Mun ce babu kifi a Tafkin Oku. A sauran ruwaye, kifi ne yake cin ƙwari da tsutsotsin ruwa, shi ne kuma yake cinye ƙwan kwaɗi da 'ya'yansu. Da yake babu shi a nan, sai wannan kwaɗo ya gaje matsayinsa, ya zama shi ne babban mafarauci a cikin ruwan, duk da ƙanƙantarsa. Garin da babu zaki, ai muzuru ma sarki ne.

Wannan zaman lafiya ya bar alama a yadda yake girma. Kowa ya san talibambam, watau ɗan kwaɗon da bai riga ya yi ƙafafu ba. Na kududdufanmu cikin gaggawa yake, domin dole ya zama kwaɗo kafin ruwa ya ƙafe. Na Xenopus laevis yakan gama cikin kimanin wata 2. Amma na Tafkin Oku, da aka rene shi a gidan namun daji na Landan, sai da ya ɗauki wata 6 zuwa 8 kafin ya rikiɗe, kuma tsawonsa ya kai kusan santimita 8, watau ya ninka tsawon uwarsa. Yakan rataye a tsakiyar ruwa, kai a ƙasa, yana kaɗa bakin wutsiya yana tace ƙananan abubuwan da yake ci. Halittar da take yin wata da watanni a sarari haka, ba ta ɓuya, ba ta sauri, lalle ta girma ne a inda babu mai farautarta.

Labarin Landan ɗin yana da wani darasi. A shekarar 2014 ne ma'aikatan wannan gida suka zama na farko da suka sami hayayyafar wannan kwaɗo a hannun ɗan Adam. Abin da ya ba su nasara shi ne kwaikwayon ruwan tafkin bisa awon da aka yi a can Oku, watau ruwa mai sanyi wanda ba shi da yawan gishirin ƙasa. Wannan ya nuna mana cewa ba kowane ruwa ne ruwa ba a wurinsa. Ingancin ruwan kuwa daga kurmin da ya zagaye tafkin yake. Saiwoyi ne suke riƙe ƙasar gangaren, ganyaye suke tare ƙarfin ruwan sama, inuwa take rage zafi a gaɓa, daga rassan kuma ƙwari suke faɗowa. In kurmin ya tafi, laka da toka da kashin dabbobi za su gangaro, ruwan ya sake hali.

ABUBUWAN DA KE YI MASA BARAZANA

Tun shekarar 2004 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa wannan kwaɗo a jerin waɗanda suke bakin ƙarewa, matakin da daga shi sai ɓacewa daga daji. Ba don ya yi ƙaranci a tafkin ba, sai don dukansa a wuri ɗaya yake. Wanda ya zuba dukan hatsinsa a rumbu guda, gobara ɗaya ta ishe shi.

Barazana ta farko ita ce kifi. Tsaunukan Bamenda suna da yawan jama'a, kuma mutane suna bukatar nama. Duk wanda ya karanta harkar kiwon kifi, in ya ga hekta 243 na ruwa mai kyau babu ko tarwaɗa ɗaya, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne asara ake yi. Amma an riga an gwada wannan a wasu wurare, sakamakon kuma a rubuce yake. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka don bunƙasa sana'ar su. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma kimanin iri 200 na ƙananan kifaye dangin karfasa, waɗanda babu su a ko'ina sai can, suka ɓace ko suka kusa ɓacewa. A tsaunukan Siyera Nebada na Jihar Kalifoniya ta Amurka, an zuba wani kifin ruwan sanyi a tafkunan da asalinsu babu kifi, don jin daɗin masu kamun ƙugiya. Kifin ya bi 'ya'yan wani kwaɗon tsauni mai rawayar ƙafa yana cinyewa, cuta kuma ta zo ta ƙarasa, har kwaɗon ya ɓace daga fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren da aka san shi. A wasu tafkunan da aka kwashe kifin da raga, kwaɗin sun farfaɗo, domin akwai sauransu a maƙwabta. Kwaɗon Oku ba shi da maƙwabta. Kuma tafkin da zurfinsa ya kai mita 52, in kifi ya shiga ya hayayyafa, babu ragar da za ta tsamo shi duka.

Barazana ta biyu ita ce lalacewar kurmi. An ƙiyasta cewa tsakanin 1963 da 1986 dajin Dutsen Oku ya rasa kimanin rabin faɗinsa, saboda faɗaɗa gonaki da gobarar daji da kiwon awaki da tumaki a cikinsa, da kuma saɓar ɓawon wata itaciya, Prunus africana, da ake fitarwa Turai don haɗa magani. Hanyar mota ma ta ratsa ta kusa da bakin tafkin.

Ta uku ita ce cuta. A 2006 masu bincike suka tarar da kwaɗi da yawa matattu da marasa lafiya a gaɓar tafkin, da gyambo a jikinsu. Haka kuma wata cutar fata da wani naman gwari yake haddasawa, wadda ta yi wa kwaɗi ɓarna a nahiyoyi da dama, ta isa tsaunukan Kamaru. Wani ƙaramin kwaɗo na kurmin da ke bakin tafkin, Phrynobatrachus njiomock, wanda a da ake ganinsa da yawa, ya yi ɓatan dabo daga wajen shekarar 2010. Bugu da ƙari, rikicin da ya tashi a lardunan Kamaru masu magana da Ingilishi daga ƙarshen 2016 ya sa kai-komon masu bincike da masu tsaron daji ya yi wuya.

Amma ba duka labarin ne mai baƙin ciki ba. Mutanen Oku suna ɗaukar tafkin wuri mai alfarma, kuma sarkinsu, wanda suke kira Fon, tare da majalisar gargajiya ta Kwifon, suna da ta cewa a kan daji. A 1987 aka fara wani shiri na kiyaye dajin Kilum, wanda ya haɗa kai da waɗannan shugabanni da mutanen ƙauyuka aka shata iyakar daji. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 kuma ta ba al'umma damar riƙon dajinsu da kansu. Daga furannin wannan daji ake samun farar zumar Oku, wadda a 2013 aka yi wa rajistar suna don kada wani ya sayar da tasa da sunanta. Mai amya a daji ba ya son ganin gobara. Ta haka cinikin zuma ya zama garkuwa ga kurmi, kurmi kuma ga tafki.

INA RUWANMU?

Yanzu sai mu komo ga tambayar da muka yi alkawarin amsawa. Da farko, tsaunukan nan ba su san kan iyaka ba. Tudun Mambila na Jihar Taraba, da Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, da tudun Obudu na Jihar Kuros Riba, duk haɗe suke da tsaunukan Bamenda, kuma suna tarayya da su a tsirrai da tsuntsaye da kwaɗi iri-iri. Kowane ƙoƙon dutse a wannan yanki kamar tsibiri yake, sanyi a sama, zafi ya kewaye shi ta ko'ina. Abin da ya saba da sanyin ba ya iya ratsa zafin ya kai dutse na gaba. Saboda haka ƙaramin kurmi guda a bakin rafi, irin na Ngel Nyaki a Mambila, yana iya zama dukan duniyar wata halitta. Abin da muka faɗa a kan Oku ya shafi namu ɓangaren kai tsaye.

Na biyu, kwaɗo ma'auni ne. Fatarsa tana shan abin da ke cikin ruwa, don haka shi yake fara jin ɓacin ruwa kafin mutum. A binciken da aka bayyana a 2023, wanda ya duba iri fiye da 8,000 na kwaɗi da danginsu, an sami kimanin kashi 41 cikin 100 suna fuskantar ƙarewa, adadin da ya fi na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa. Daga irin waɗannan tsaunuka koguna suke tasowa, waɗanda manoma da makiyaya da masunta na ƙasa suke dogara da su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne aikin da ke jiranmu. A cikin wannan ɗaki akwai waɗanda za su zama malaman gona, da jami'an kiwon kifi, da injiniyoyin hanya, da sakatarorin ƙananan hukumomi. Wata rana fayil zai iso teburin ɗayanmu, ana neman izinin zuba kifi a wani ruwa, ko sare wani kurmi a dasa itatuwan turare, ko ratsa hanya ta wata fadama. Takardar za ta zo da lissafin riba da yawan waɗanda za su sami aikin yi, kuma lissafin yana iya zama gaskiya. Abin da ba za ta faɗa ba shi ne abin da yake zaune a wurin tun kafin a zo. Tun 1992 Nijeriya take da dokar da ta wajabta a auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Amma doka ba ta karanta kanta. Sai an sami ma'aikacin da zai tsaya ya yi tambaya uku: Mene ne yake rayuwa a nan? Akwai shi a wani wuri dabam? In muka yi kuskure, ana iya gyarawa? Idan amsar ta biyu da ta uku a'a ce, to, a nemi wani wurin. Ana iya haƙa tafkin kiwon kifi a kowace fadama, a samu naman da ake bukata. Gadar da ta karye ana sake ta, kasafin kuɗin da ya ɓaci ana gyara shi a shekara mai zuwa, amma irin da ya ƙare babu ma'aikatar da za ta dawo da shi.

KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga inda Tafkin Oku yake da yadda ya samu. Mun ga siffar kwaɗonsa, da yadda kowace gaɓa ta jikinsa ta dace da zaman ruwa, da gadon zare 108 da yake ɗauke da shi. Mun ga cewa rashin kifi da lafiyar kurmi su ne ginshiƙan rayuwarsa, kuma bokiti ɗaya na 'ya'yan kifi ya isa ya rushe abin da ya ɗauki dubban shekaru yana ginuwa.

Kiranmu ga 'yan'uwa masu karatun kimiyyar halittu shi ne su dubi tsaunukanmu na Mambila da Gashaka in za su zaɓi aikin binciken shekarar ƙarshe, su je su ƙirga, su auna, su rubuta, domin abin da ba a rubuta ba ba ya shiga fayil. Ga masu nazarin harshe kuma, su taimaka a tattara sunayen da mutanen waɗannan wurare suke kiran halittunsu da su, a kuma samar da kalmomin da za a koyar da wannan ilmi da Hausa. Ga waɗanda suka riga mu kama aiki, muna roƙon su riƙe tambayoyin nan uku, su riƙa yin su kafin su sa hannu. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.